Ranar da Na Ja Linzami a Ƙanƙara

A gidanmu na Tafoki, doki ke fara ci kafin mutum. Babana ba mai hali ba ne, gona biyu gare shi, amma turkensa bai taɓa zama babu doki ba. Daga wurinsa na koyi jiƙa dusa da kanwa, da ware harawa mai kyau, da gane lafiyar doki daga tsayuwarsa kawai.

Ina da aure da ɗiya ɗaya lokacin da kuɗin man fetur suka iso ƙauyukanmu. Duk wanda ya samu, babur yake saye. Sa'o'ina suka sayar da dawakinsu ɗaya bayan ɗaya. Filin sukuwa na bayan Ƙanƙara, inda muke haɗuwa bayan an gama girbi, ya koma ba a tara dokin da ya wuce a ƙirga da yatsu. Mu dai muka riƙe namu, wani akawal mai dogon wuya, baƙi ƙirin. Baba ya tsufa da hawa, ni ke hawansa.

Akwai wani Alhaji daga Damari, dattijo mai farin doki, wanda ɗansa ke hau masa. Kaka uku a jere suna wuce mu. A ta huɗu, tun daga tashi akawal ya shiga gaba. Ina jin ihun mutane, ina hango bishiyar ɗorawa da ake tsayawa. Sai na ji takunsa ya sauya. Ba ɗingishi ba ne, ba wanda zai gani daga gefe, amma ƙafar gaba ta hagu ba ta sauka kamar sauran. Da na sa masa bulala, na san zai kai ni. Na ja linzami na sauka. Farin dokin ya wuce mu.

Matasa suka yi ta dariya, wasu na cewa tsoro ya kama ni. Baba ya taho a hankali da sandarsa. Alhajin Damari ne ya bar masu yi masa barka, ya zo ya durƙusa ya ɗaga ƙafar. Kofaton ya tsage, tsakuwa ta shige ciki.

Ya dubi Baba ya ce, "Malam, da ya ƙarasa, da dokinga bai sake gudu ba."

Baba ya ce, "Na sani, Alhaji. Mu tahi gida."

A ƙasa muka koma, ina jan ragama. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye ba, don na so nasarar nan ƙwarai. Wata biyu ina wanke kofaton da ruwan ɗumi da gishiri, har ya warke.

Kakar da ta biyo ba a yi sukuwa ba, masu doki sun yi kaɗan, filin ma aka nome shi. Akawal ya ƙara shekara takwas tare da mu, ina zuwa kasuwar Faskari a kansa, babura na wuce mu. Ban taɓa cin tsere da shi ba. Yanzu gwiwa ta hana ni hawa, amma in na ji ana sukuwa a wani gari, jikana kan kai ni, a ba ni tabarma kusa da wurin tashi.