Baba Garga Da Kwanon Innata

Da an sallame sallar asuba Baba Garga yake saɓa kwandonsa ya gangara kasuwar Mokolo. Sai ya shinshina gwanda, ya danna avoka da babban yatsa, ya ja ganyen kan abarba, kafin ya ce a zuba. Hantsi na yi za ka same shi a rumfarsa ta nan unguwarmu Birkitiri, kaza na kan garwashi, shi kuma yana wanke latas ganye-ganye kamar mai wankan jariri.

Kuku ne shi a gidan wani Bature a da. Da kiriz ta zo, wato matsin tattalin arziki, aka zaftare albashi, kamfanoni suka rufe, maigidan ya tattara ya koma ƙasarsu. Baba Garga ya dawo unguwa ya kafa tebur tsakanin masu tsire, yana sayar da salak mai kaza da 'ya'yan itace. An sha yi masa dariya. Har yau Yuguda mai tsire na ce masa, “Bafillace, shanun naka sun ƙoshi da ciyawar?” Shi kuma ya ce, “Saura kai, zo a ɗiba maka.”

To, a shekarar nan hawan jini ya kayar da Innata, Jaratu. Likita ya hana ta gishiri da magi da manja. Abincin da muke dafa mata salam, sai ta kau da kai. Ta rame har zobenta na zamewa. Mun fara tsoron ba za ta ga azumi ba.

Ba wanda ya aiki Baba Garga. Ya yi sallama gidanmu da farantin salak da cokali mai yatsu. Inna ta leƙa ta ce, “Malam Garga, ni akuya ce? Kuma wa ya ce maka ana haɗa kaza da gwanda?”

“Hajiya, ki dai taɓa.”

“Kai wa Baturenka.”

Bai yi fushi ba. Tambayata kawai ya yi a zaure, me take ci tana yarinya a Kano. Na ce tana yawan zancen kwaɗon zogale.

Washegari ya dawo da kwanon sha mai murfi, ba cokali. Ya gasa kazar da citta da tafarnuwa da lemun tsami, ya yage ta da hannu. Ya yayyanka latas da gwanda da avoka, ya soya gyaɗa ba gishiri, ya daka, ya cuɗe su tare. Ya ce, “Wanke hannu, Hajiya, yau kwaɗo ne.” Ta ci loma ɗaya, ta ƙara. Sai ta ce, “Yajin bai ji ba.” Ƙanwata Firdausi ta fita tsakar gida tana share hawaye.

Baba, kai ne ka bar abin da ka koya a gidan manya, ka bi bakin tsohuwa mai gardama. Kwanon nan bai daina zuwa ba har ta miƙe.

Yanzu idonka ya yi rauni, ka miƙa wa 'yarka Hadija wuƙar. Usoko, Baba, mun gode da yarenku. Allah Ya saka. Mu kuma, duk mai sana'a a hannu ya leƙa gidan maƙwabcinsa, ko da wanda ya kasa cin abinci.

Inna ta yi azumin bana cif. Ta ce in gaya maka har yanzu yajin bai ji ba, kuma a turo mata kwanonta gobe.