Wandon da Ya Tsaya da Ƙafarsa

Yayana soja ne, amma ko kaza bai taɓa harbi ba. Unguwa ta san shi da Baba Sitaci, mai wanki da guga. Da ya rasu bara, masu ta'aziyya suka yi ta yabon jarumtarsa a yaƙin ƙetare. Ni kuwa ni ya gaya wa gaskiya.

Tun yana saurayi yake da shago a bakin kasuwa: tebur, tsohon bargo, dutsen guga na gawayi, sai igiyar shanya. In ya sa wa wando sitaci ya goge, karin gugar sai ya yanke maka yatsa. Wani kyaftin da ke kawo masa kaki ya yaba da aikin, da yaƙi ya tashi sai ya sa aka ɗauke shi soja don ya riƙa yi masa wanki. Inna ta yi ta kuka. Yaya ya ce, "Haba Inna, ni da wando zan je in yi faɗa."

Ya ce da suka sauka daga jirgin ruwa, abin da ya fara gani shi ne hayaƙi na fita daga bakin kowa, har Saje da ba ya shan taba. Ya buɗe baki zai tambaya, sai ya ga nasa ma yana yi. Itatuwa duk babu ganye, ya ɗauka yaƙi ne ya ƙone su. Rana tana can gefe guda, ana ganinta amma ba ta aikin komai. Mutanen garin kuwa ka gaishe su, su wuce da sauri kamar sun bar tukunya a wuta. Daga bayan duwatsu ana jin igwa tana gurnani.

Suna isa bariki Saje ya jera su ya ce duk wanda ba shi da aiki a nan, gaba za a tura shi haƙar rami, inda igwar take. Ya nuna Yaya da sanda. "Kai mai guga, ranka yana rataye da wandon Kyaftin. Gobe Janar zai duba fareti."

Yaya ya buɗe kayan aikinsa, sai ya tarar ruwa ya shiga buhun sitacin a jirgi, ya ruɓe. Ya dai wanke kakin Kyaftin duka, ya shanya a waje da yamma kamar yadda ya saba a gida.

Da safe ya je ɗaukowa ya tarar wando ya sandare kamar katako. Ya ƙwanƙwasa, ya ji ƙara. Ya ajiye shi a ƙasa, wando ya tsaya cak da ƙafarsa. Hannuwan Yaya sun mutu da sanyi, bai ji komai ba sai tauri. Ya ruga wurin Kuku, wanda ya riga su zuwa ƙasar.

"Kuku, zo ka ga ikon Allah! Ƙasar nan iskarta sitaci ce!"

Kuku ya dubi wandon, ya dubi Yaya, ya gyara murya. "Lallai ka yi sa'a. Kai wa Kyaftin ɗaki, ka jingine kusa da murhu, ya ji ɗumi in ya sa."

Kyaftin yana wanka, Yaya ya tsayar da wando da riga a kan gado, gefen murhu, ya fita yana taƙama. Bai gama ba wa direbobi labari ba ya ji an kwarara masa kira. Ashe ƙanƙara ce ba sitaci ba, ta narke: ya tarar wando ya durƙusa, riga ta kwanta a kansa, ruwa na ɗiga daga katifa. Sauran kakin kuwa suna kan igiya, su ma a sandare.

Haka Kyaftin ya sa jiƙaƙƙen wando ya fita. Janar na zagayawa, tururi na tashi daga mazaunan Kyaftin, sojoji na cizon leɓe.

Da aka tashi, aka gurfanar da Yaya. Kyaftin na atishawa, idanu jawur.

Saje ya ce, "A tura shi gaba, ranka ya daɗe?"

"Gaba? Ya mutu ya huta? Kai shi ɗakin tukunyar ruwan zafi. Ya yi ta zuba kwal, ya sha baƙin hayaƙi har yaƙi ya ƙare!"

Yaya kuwa ya riga ya san ɗakin nan, don ya wuce ta ƙofarsa ranar da suka iso. A duk barikin, nan ne kaɗai ya ji ɗumi. Sai ya zube ƙasa, ya kama takalmin Kyaftin yana birgima. "Ka yi mini rai, ranka ya daɗe! Ban da kwal!"

Saje ya ja shi a ƙeya suka fita. Sai da suka sha kwana ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Rage kukan nan, ɗan banza, kada ya ji tausayinka."