Ranar da Kawu Nomau Ya Jiƙa Muzuru

Duk wanda ya zauna da Kawu Nomau ya san tambayarsa. Ba ya musu da mutum. Zai bar ka ka gama zuba, ya tura hularsa gaba ya sosa ƙeya, sannan ya ce, "Ka gwada ga naka?" Shi ke nan. Na ga manya masu rawani sun rasa ta cewa a gaban tambayar nan. Ni Hajo 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na tashi bayan rasuwar mahaifiyata, don haka na sha ta fiye da kowa a Illela.

Wasu cikinku suna kasuwar Lahadi ranar da ya tare mai maganin basir. Mutumin ya tsallako daga Nijar da lasifika da kwalabe, yana rantsuwa maganinsa zai raba ka da basir har abada, naira ko sefa duk yana karɓa. Kawu ya bar buhunan albasarsa ya tsaya yana kallonsa. Can sai ya je rumfar mai shayi ya kinkimo benci ya dire a gabansa.

"Malam, tun sahe kake tsaye. Zamna ka huta."

"A'a Baba, na gode."

"Zamna dai in gani."

Mutumin ya dubi bencin nan na katako, ya dubi jama'a, ya fara tattara kwalabensa. Kawu ya mayar da benci, ya ce wa mai shayi, "Bai gwada ba."

Kada ku ɗauka wannan ya sa shi mutumin asibiti ne. Ina! Har ya koma ga Allah allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Wata damina masassara ta kayar da shi, 'ya'yansa suka kira wani saurayi ma'aikacin lafiya har gida. Saurayin ya zuƙo ruwan allura ya ce, "Baba, juya ka sassauta wando."

Kawu da ake cewa ba ya iya ɗaga kai, ya tashi zaune daram. "Tun da Inna tab bar yi min wanka, ba mahalukin da yag ga wurin ga. Ba da kai za a hwara ba."

Ƙwaya aka ba shi, ita ma sai da saurayin ya haɗiyi ɗaya a gabansa.

To sai maganar Jandarma. Muzurun Kawu ne, ja, ƙato, mai guntun kunne. Ya samu sunan 'yan sandan Nijar ne don a bakin ƙofa yake zama, ba kayan da zai shiga gidan bai sunsuna ba. Aikinsa tsaron rudu, rumbun karan da Kawu ke ajiye albasa, kuma ɓerayen unguwar sun san shi. Wata safiya bodari ya biyo ƙwan kaji bayan rudun. Ga wanda bai san bodari ba, 'yar dabba ce baƙa mai ratsin fari, ba ta gudu, sai dai ta juya maka baya ta ɗaga wutsiya. Jandarma ya ɗauka wani ɓera ne ya sha ado, ya dira masa. Da gudu ya dawo gida, bai zame ko'ina ba sai ƙarƙashin gadon Inna Kulu, matar Kawu.

Ni cikin warin ruɓaɓɓiyar albasa na girma, amma wallahi ban taɓa jin irin wannan ba. Har ɗaci yake yi a harshe. Inna Kulu ta fito tana kakari ta ce, "Malam, ko ni ko shi."

Kawu ya tashi. Ya naɗe tabarmarsa, ya saɓi muzurunsa, suka tare a zaure.

Nan fa masu shawara suka yi caa. Wannan ya ce toka, wancan ya ce ruwan tsamiya, wani ya ce a matse masa tumatir, wani ya ce nono mai tsami. Tambayar Kawu ta rasa amfani, don duk faɗin garin ba a samu wanda ya taɓa yi wa muzuru wanka ba. Dole ya gwada ga nasa. Hannuwansa suka cika da yakushi. Ranar da aka turara Jandarma da turaren wuta, sai ya koma kamar amaryar da ta faɗa masai. Warin ya kama rigunan Kawu, ya bi shi masallaci. Liman ya yi ta cewa a cike sahu, amma hagun Kawu da damansa ba wanda ya motsa. Abu ɗaya dai ya gano a wahalar nan: in gashin ya bushe warin yakan lafa, da ruwa ya taɓa shi sai ya tashi sabo fil.

A cikin kwanakin nan ne ciwon ɗana Bashir ya tsananta. Yana ƙarami lokacin, ko makaranta bai shiga ba. Ƙaba gare shi, wani kumburi a matsematsinsa da ke fitowa in ya yi kuka. Likitan garinmu ya ce sai an yi masa aiki a Sakkwato, kuma kada mu yi sanya, don in hanji ya maƙale a ciki yaro na iya tafiya cikin yini guda.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma tsoron aikin nake ji. Na sha jin an yi wa yaro allurar barci bai farka ba. Amma ni ce nake danna kumburin nan da yatsuna ya koma, kuma na lura kullum ƙara taurin komawa yake, yaron kuwa ƙara ƙara yake yi. Na auna wannan tsoro da wancan har na rame. Ba wanda ya tambaye ni.

Dangin maigidana suka kira taro a zauren gidanmu bayan la'asar. Ina bayan ƙofar cikin gida da Bashir a cinya ina ji. Wanzamin gidan ya ce tsaga da ƙaho sun isa. Wani abokin gidan ya ce akwai mai magani a wani ƙauye bayan Ƙonni, jiƙo kawai yake bayarwa. Yaya Alhaji, wan maigidana, shi ya yanke: "Ba a yanka ɗiyanmu. A jira ya girma, da kanta za ta komawa." Baban Bashir kansa na ƙasa, don bai taɓa iya ɗaga ido a gaban yayyensa ba.

Ta tsagar ƙofa na hango Kawu a waje, ba wanda ya gayyace shi, wani abu na motsi cikin babbar rigarsa. Inna Kulu ce ta kai masa labari. Na ga ya ɗauki butar alwala da ke bakin zaure, ya fito da Jandarma, ya tsiyaya masa ruwa tun daga kai har wutsiya. Sannan ya yi sallama ya shiga, ya zauna tsakiyar surukaina, ya ɗora muzurun a cinya.

"Ku ci gaba," in ji shi. "Ni saurare naz zo yi."

Wanzami ne ya fara tuna yana da aski a Amarawa. Mai maganar Ƙonni ya ce ya bar babur ɗinsa ba kulle. Sauran ko uzuri ba su tsaya nema ba. Yaya Alhaji ya fi kowa jurewa, hannun riga a hanci, idanu na zubar ruwa.

"Malam Nomau, wanga ba daidai na ba."

"Alhaji, jiran ga da kac ce a yi, ka gwada ga naka?"

Yaya Alhaji ya buɗe baki zai amsa, warin ya shige, ya fita yana tofar da yawu. Zaure ya rage daga Kawu sai baban Bashir.

"To," in ji Kawu, "wanda wari bai kora ba, shi ad da ɗa. Hajo, shigo, na san kina nan. Mi kike so a yi ma yaron ga?"

Na ce, "Asibiti, Kawu."

Ya juya ga maigidana. "Kai hwa?"

"Ni ma shi nike so, Kawu. Baki na ban da."

Washegari muka kama hanyar Sakkwato, direba ya ajiye Kawu a bakin taga ya hana shi ɗaga gilashi. Likitan asibitin can ya duba Bashir, ya yi mana bayani dalla-dalla, har da haɗarin allurar barcin bai ɓoye ba. Ina ganin Kawu ya tura hula gaba na ce a raina yau mun shiga uku.

"Likita, ka gwada ga naka?"

"Na gwada, Baba. Ɗana na biyu. Ni na riƙe masa hannu har ya yi barci."

Ban taɓa ganin an ba Kawu amsa ba sai ranar. Ya mayar da hularsa daidai ya ce, "A yi." Likitan ya ce to, amma don Allah Baba ya jira a waje, marasa lafiya na ƙorafi.

Ranar aikin, da aka shiga da Bashir na kasa zama a ciki, na sami Kawu a gindin dogonyaro. Na zauna kusa da shi. Abin da ya faɗa mini a nan, Inna Kulu ta ba ni izinin in faɗa muku.

"Kin san kahin a haihe ki muna da wani yaro, Abdu?"

"Na ji an ce ya rasu yana ƙarami."

"Irin kumburin ga na. Anka ce a jira, naj jira. Ina kasuwa anka aiko." Ya dubi hannuwansa masu yakushi. "Jiran ga, Hajo, ni na gwada shi ga nawa."

Ina cikin share hawaye aka leƙo aka ce an fito da yaro.

Bashir na kwance shiru, idanu a rufe, ina ta kiran sunansa ba ya motsi. Kawu ya saci jiki ya shigo ya sunkuya a kansa. Sai hancin yaron ya yamutse. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Inna, Kaka na wari."

Kawu ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa. "Ja'iri. Warin ga shi ya kawo ka nan."

Warin Jandarma kuwa, Inna Kulu ce ta ci ƙarfinsa daga baya, da ta gaji da kai tuwo zaure. Ta murza masa sabulun wanke-wanke da garin kanwa a bushe, ta bari ya jima kafin ta ɗauraye. Kawu ya ce dabararsa ce. Yaya Alhaji ya yi wata da watanni ba ya amsa masa gaisuwa, Kawu ko a jikinsa.

Bara Kawu ya rasu a ɗakinsa, bayan ya sake korar mai allura. Bashir yana makaranta yanzu, ƙwallo yake bugawa har sai na bi shi da tsawa, kuma shi ke ba tsoho Jandarma abinci.

Ya Allah, ga bawanka Nomau nan ya zo maka. Ka yafe masa taurin kai, ka cika kabarinsa da ƙamshi, ka sada shi da Abdu.