Oga Tanko, wanda ya koya wa ƙafata Turanci

Da safen nan ina shan koko ɗansa ya kira ni daga Kusasu. Oga Tanko ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kokon na nan har yanzu ban ƙarasa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon direban soja ne. Bayan yaƙin basasa ya dawo gida yana jan gingimarin katako daga dajin Birnin Gwari zuwa Kaduna. Ni ne karen motarsa.

Tuƙi kam na iya. Abin da ya kayar da ni a gwajin lasin na farko Turanci ne da ladabi. Jami'in ya zauna a gefena ya yi wata magana da ban gane ba. Ni kuwa an raine mu in babba na magana a sunkuyar da kai. Na sunkuyar, na ce "Yes sa." Mota ta nufi kwalbati.

Babana ya ce in na sake faɗuwa, to in dawo Damari in ɗauki fartanya, maganar mota ta ƙare.

Oga bai yi min faɗa ba. Dariya ya yi har da hawaye.

"Kai Sale, ko Gwamna ke magana idonka na kan titi. Ladabin direba ke nan."

Daga ranar, duk sanda muke jiran a gama lodi a daji, sai ya zaunar da ni a kan kututture. Faifai ne sitiyari. Duwatsu uku a gabana: kuloci, birki, totur. Ya tsaya a bayana yana daka tsawa irin ta bariki.

"Slow down!" "Turn left!" "Reverse!"

Ba ya fassara min. In na taka dutsen da ba shi ba, sai ya ɗan ja min kunne. Masu lodi suna ta tsiya: "Direba, a sauke mu a Tsohon Birni!" Wata rana har wani Bafulatani ya tsaya da shanunsa ya tambaya ko lafiyata ƙalau.

Na ce Oga, ai ban san ma'anarsu ba.

Ya ce, "Ƙafarka ta sani. Kanka zai biyo baya."

Haka kuwa aka yi. A gwaji na biyu jami'in bai rufe baki ba na taka birki. Da lasin ɗin nan na yi aure, na aurar.

Ganinmu na ƙarshe da damina ne. Idonsa ya tafi, na je na ɗauko shi zuwa asibiti a motata. Da muka tashi, kunne kawai ya kasa yana jin yadda nake canza giya. Ni da furfurata sai ga ni ina lallaɓa mota kamar ranar gwaji. Can sai na ga kansa ya langaɓe.

Da muka tsaya ya lalubo kafaɗata ya dafa.

"Yau na yi barci a mota, Sale. Ban taɓa yi ba in wani ke tuƙi."

Allah Ya jiƙan Oga Tanko, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalansa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a. Direbobi 'yan uwana, in kun tsaya salla a hanya yau, ku tuna da shi.