Kunyar Ɗan Fari a Asibitin Masana'anta

Wannan labari na haɗa shi ne daga littafin da nake rubuta al'amuran yini a shekarar da na yi bautar ƙasa, da kuma abin da ya rage a kaina. Littafin ya ce Talata ce, ni kuwa Laraba nake tunawa, kuma ban iya raba gardamar ba. Wurin dai na tabbatar: ƙaramin asibitin wata masana'anta a Challawa, inda aka ɗora mini koya wa masu jego shayarwa, ni da ban taɓa haihuwa ba, sai 'yar tsanar gwaji.

Matar wani ma'aikaci ta zo daga Panshekara da jaririnta, tare da surukarta. Kan nononta ya tsage, yaron ba ya ƙoshi, har ta fara maganar komawa madarar gwangwani.

Na jero darasina yadda na haddace shi: cikin yaro ya manne da na uwa, a jira ya wangale baki, ya kama har da baƙin da ke kewaye, haɓarsa ta taɓa nono. Na ce ta dubi bakinsa. Ta ɗora shi, ta lulluɓe da hijabi, ta kafe kalandar bango da ido. Na maimaita, na ɗaga murya, har na fara zargin kunnenta.

Surukar ta yi dariya. "Malama, ɗan fari ne fa. A gidanku ana zuba wa ɗan fari ido a gaban manya?" Ta ce ita ba ta san kamannin nata ɗan farin, uban yaron nan, ba sai da ya fara rarrafe. Wannan ban samu wanda ya tabbatar mini ba.

Na ce, "Inna, ku yi haƙuri, in ba ta duba ba, ciwon ba zai warke ba."

Tsohuwar ta ɗauki buta ta ce za ta yi alwalar azahar. Agogona bai kai sha ɗaya ba.

Tana fita mai jegon ta yaye hijabin, ta leƙa, ta gyara masa zama yadda na nuna. Muka ji yana haɗiya. Ta ce babu zafi, ta shiga yi masa faɗa ƙasa-ƙasa kan cizon da ya sha yi mata. Da aka yi gyaran murya a bakin ƙofa, hijabi ya koma, ido ya koma kalanda.

Gida ɗaya suke zaune, kuma ba su dawo ba har na bar wurin. Har yau ban sani ba: a can ma tsohuwar tana fita ta ba ta damar dubawa?