Gawa a Rudun Albasar Yaya

Da na fara rubuta labarin kisan kai, makashi na rasa. Na duba duniya kaf ban ga wanda na sani ciki da bai kamar yayana ba, sai na ɗauke shi ɗungurungum: ɗingishinsa, sosa kunnen da yake yi in zai yi ƙarya, har tsakin da yake ja kafin ya kurɓi shayi. Na sa ya kashe wani dillali ya ɓoye gawar a rudu, rumbun da muke adana albasa. Da jandarmomi sunka zo, ya bari sunka tafi da ƙanwarsa, shi ko a jikinsa.

Wallahi na ji daɗin rubutun nan. Bai iya boko ba, shi anka cire daga lakwal, wato makaranta, don ni in ci gaba, to ina zai sani?

Matarsa ta ga takardun, ta karanta, ta tona ni. Ya aiko in same shi garka, can Galma, in taho da takardun. Yaya in ya yi fushi ba ya faɗa, gaisuwa yake daina amsawa, kuma ban da kowa sai shi.

Na karanta masa a gindin mangwaro. Wurin ɗingishin ya ja tsaki, ya kurɓi shayi. Wurin rudu ya aje kofi.

"Ke, tsaya. Gawa cikin albasa? Kwana biyu ta ruɓar da rudun duka! Wane sakarai ne zai kashe mutum ya haɗa da noman shekara?"

Dariya ta kuɓce min. Na ce na tsira, na ci gaba da karatu har da gyara murya.

Da na kai wurin jandarmomi bai yi tsaki ba. Ya daɗe yana kallon ƙafar tasa. Sai lokacin na tuna inda ɗingishin ya samo asali: ranar da kwari ya cika, ya goya ni ya ƙetare don kar in rasa jarabawa, dutse ya karya shi. Kunya ta rufe ni.

"Kisan na yarda," in ji shi, "in rai ya ɓaci ina iyawa. Amma su tafi da ke ina tsaye? Goge wannan."

Na dubi hannunsa. Bai kai shi kunne ba.