Firij Ɗin da Aka Cire wa Birki

Duk layin babu mai kiransa da sunan da iyayensa suka raɗa masa. Ƙanƙara ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Mai gyaran firij ne, a wani ɗan shago da ke tsakanin mai faci da mai sayar da katifa, kuma in ya gama aiki ba ya barin mai kaya ya ɗauka sai an sa kofin ruwa a ciki, kowa ya ga ya daskare.

"Firij ɗin da ba ya ƙanƙara ai kabad ne," haka yake cewa. "Ka kai wa kafinta."

A wajen kawunsa ya koyi aikin tun yana ɗan saurayi. Bayan hannunsa duk tabon ƙuna ne na walda. Yakan kafa tsinin sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar mai sauraron labari, sannan ya faɗa maka abin da ke damun firij ɗinka. Yana da cika baki, gaskiya, amma hannunsa na biyan abin da bakinsa ya ɗauko.

Matarsa malamar firamare ce, a makarantar da ke bayan layin. Ruwan sanyi ne ya haɗa su. Kullum in an tashi, sai ta tsaya a ƙofar shagon ta ce a sam mata, har ya fara ɓoye mata gora guda a can ƙuryar firij, wadda ko mai faci bai isa ya taɓa ba. Ita ke ce masa Injiniya, don tsokana, shi kuma Malama yake ce mata har bayan aure. Allah bai ba su haihuwa ba. In an yi mata jaje, sai ta ce tana da aji guda cike da yara a saman bene, wa ya fi ta?

Ciwon nata a hankali ya sato jiki. Alli ya fara suɓucewa daga hannunta. Wata rana idonta na hagu ya yi hazo, ya ɗauki makonni kafin ya washe. Sai ƙafa ta fara ja, har takalmi ɗaya ya riga ɗan'uwansa cinyewa. Sun sha yawon asibitoci, wannan ya ce gajiya, wancan ya ce shawara, kafin a tura su wajen likitan jijiyoyi, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta. Likitan ya faɗi wani dogon suna, ya ce a taƙaice Em-Es ake cewa. Sojojin jikinta ne suka juyo suna cin rigar da ke lulluɓe da jijiyoyinta.

"Wato ɓera ya ci robar waya," in ji Ƙanƙara. "To a naɗe mana, likita."

Likitan ya girgiza kai. Wannan wayar ba a naɗe ta. Akwai dai allura, sau ɗaya a mako. Ba ta warkarwa, ba ta kuma dawo da abin da ya tafi. Aikinta ta rage yawan tashin ciwon, ta ja masa lokaci, ko Malama za ta daɗe a kan ƙafafunta. Abin da suka riƙe ke nan su biyu: ta ci gaba da hawa benen nan zuwa ajinta.

Da aka faɗa musu kuɗin, Malama dariya ta yi, ta zaci na shekara ne. Na wata guda ne, kuma ya fi albashinta da cinikin shagon a haɗe. Ban san wanda ke zama ya yanka wa irin wannan magani farashi ba, amma na tabbata bai taɓa ganin mace tana hawa bene tana ɗaga ƙafarta da hannu ba. Ƙanƙara ya sayar da babur ɗinsa da babbar firizar da yake ba masu lemo haya. Yayan Malama, direban babbar mota, ya sayar da filin da ya yi niyyar ginawa. Aka haɗa aka sayi na watanni da yawa a lokaci guda, don ba kullum ake samunsa ba.

Mai kantin magani ya miƙo kwalayen, ya ce, "A firij za a ajiye, kada zafi ya taɓa shi. Amma ka kula—"

"Ni za ka koya wa firij?" Ƙanƙara ya tuntsire da dariya. "Tambayi sunana a layinmu."

Mai kantin ma ya yi dariya, ya juya ga na bayansa.

Allurar ba ta zo da wasa ba. Da yamma a ƙarshen mako ake yi, don ta samu ta farfaɗo kafin Litinin. Kafin a kwanta zazzaɓi ya rufe ta, haƙora na haɗuwa, gaɓoɓi na ciwo, kai kamar zai rabe. Ana tsananin zafi ita tana neman bargo. Cinyoyinta suka cika da jajayen tabo. Wani lokacin kuka take yi haka kawai, ta ce ita ma ba ta san dalili ba. Lokaci-lokaci kuma a ɗebi jininta a duba ko maganin ya taɓa hanta, shi ma da kuɗinsa. Amma ranar Litinin za ka gan ta da sanda, tana hawa benen, yara na rige-rigen karɓar jakarta.

Sai zafi ya shigo, wuta ta lalace. A kawo ta da daddare, a ɗauke da hantsi. Wata rana Ƙanƙara ya dawo gida ya buɗe firij, ya sa hannu, ya ji sanyin ya yi rauni. Filin mutum ne a cikin kwalayen nan, da ƙafafun matarsa.

A kowane firij akwai wata 'yar na'ura da ke yanke wa injin wuta in sanyi ya kai yadda ake so. Shi birki yake ce mata. Ya kwance ta, ya haɗa wayoyin kai tsaye, yadda yake yi wa masu sayar da ƙanƙara, don injin ya yi ta aiki ba hutu muddin akwai wuta, ya tara sanyin da zai kai su yamma. Ya tura kwalayen can ciki, jikin bango, irin inda yake ɓoye mata gorar ruwa a shago a da. Ya koma gefe yana sauraron ƙugin injin, ransa fes.

Da safe maganin ya daskare, kafin yamma ya narke, ya koma garau kamar ruwa. Bai taɓa buɗe kwali da safe ba. Ko da ma ya buɗe ya gani, murna zai yi.

Bayan 'yan makonni zazzaɓin ya daina zuwa. Aka yi allura, Malama ta tashi washegari ta yi wanki, har da waƙa.

"Injiniya, jikina ya saba," ta ce masa. "Ka ga abin da haƙuri ya yi?"

Ya fita ya sayo mata sababbin takalma, masu taushi. Ba su taɓa jin daɗi irin na watannin nan ba tun da ciwon ya zo.

A gaban allo abin ya same ta. Tana cikin rubutu ƙafafun biyu suka ƙi ɗaukarta, ta zame ta zauna a ƙasa. Malamai ne suka sauko da ita a kan kujera. A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa da wani magani mai ƙarfi, nas ta ce wa mijin ya kawo ragowar allurar gida da safe a duba.

Ya kawo a cikin kula, ya ajiye a kan tebur da ɗan alfaharinsa. Nas ɗin ta buɗe kwali, ta ɗaga sirinji ɗaya sama, ta karkata shi. Ruwan ciki bai motsa ba.

"Baba, wannan ai ya daskare."

"Ƙwarai kuwa," ya ce. "Zafi bai taɓa shi ba ko sau ɗaya."

Ta dube shi, ta tafi ta kira likita. Likitan ya zaunar da shi ya yi masa bayani a hankali. Wannan magani sanyi yake so, ba ƙanƙara ba. In ya daskare ya lalace, ko da ya narke ya yi kyau a ido. Duk abin da ya rage zubarwa za a yi.

"Ƙanƙara ai ba ta ɓata abu, likita. Adanawa take yi." Sai kuma ya ce, "To zazzaɓin da ya daina zuwa fa?"

"Wasu jikinsu ne ke sabawa. Wataƙila hakan ne, wataƙila maganin ne ya mutu. Ciwon ma yakan tashi ko ana kan magani mai kyau. Ba zan iya rantse maka ba."

Ya so a ce zaginsa aka yi. Da likitan ya ce kai ne, da ya san abin da zai ɗauka. Da ya ce ba kai ba ne, da ya samu numfashi. Sai aka bar shi a tsakiya, kuma nan zai zauna har ƙarshen ransa.

Da bakinsa ya faɗa mata, yana tsaye a gefen gado, bai rage komai ba, har da mai kantin da ya katse. Ta saurara har ya gama.

"Saura nawa?" ta tambaya.

"An zubar duka."

Ta juya fuskarta bango. Yayanta, da ke zaune a bakin ƙofa, ya miƙe ya sa hularsa, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba," ya fita. Bai ƙara ko kalma ba, ranar ko bayanta.

A keken marasa lafiya ta dawo gida. Likita ya ce ƙafafun za su iya ɗan dawowa, amma kada a sa rai da bene. An ba wata malama ajin. Sababbin takalman na nan a ƙarƙashin gado, ƙasansu ko gogewa bai yi ba. Ƙanƙara ya mayar da birkin tun ranar da ya dawo daga asibiti, ya rufe firij ɗin, bai sake taɓa murfinsa ba. A shago ma ya daina gwajin kofi. Mai faci ya tsokane shi sau ɗaya, ya ga fuskarsa, bai sake ba.

Shi ciwon nan ba ya shiri da zafi. In rana ta take, hannuwanta su yi nauyi, idon ya koma hazo, sai ta sha abu mai sanyi sosai take samun sauƙi. Wata azahar tana zaune a falo, zufa na bin wuyanta, ta ce ya ba ta ruwa. Ya je ya taro a famfo, ya kawo. Ta kurɓa, ta riƙe kofin a cinyarta.

"Wannan ba ruwanka ba ne."

Ya sunkuyar da kai.

"Injiniya," ta ce. Tun daga asibiti ba ta kira shi haka ba. "An karɓe mini ƙafa, an karɓe mini yarana. Ruwan ma sai ka karɓe?"

Ya amshi kofin ya shiga kicin. Firij ɗin na tsaye a inda yake, yana ƙugi a hankali, lafiya lau, irin aikin da ba wanda zai kushe. Ya daɗe da hannunsa a kan murfin. Da ya buɗe, sanyin ya bugi fuskarsa, sai ya ga gora guda a can ƙurya, jikin bango, a gurbin da kwalayen suka bari. Ba shi ya sa ta ba. Daga kan keke, sai mutum ya miƙa jikinsa duka kafin hannunsa ya kai wurin.

Ya ɗauko ta, ya durƙusa a gaban firij ɗin a buɗe, ya toshe bakinsa da gefen riga don kada ta ji.

"Ina jira," in ji Malama daga falo.